Rodin da Na Bari a Kan Rufi

Litinin, da hantsi

Yau ma babu wuta, amma akwai labari, shi ya sa na ɗauko wannan littafi da na daɗe ban buɗe ba. Tela, maƙwabcina na hannun dama, ya shigo ban ko gama shan shayi ba, rediyo manne a kunne.

"Baba Akawu, ka ji? Gwamnati ta tsame hannunta. Daga yau duk wanda ya sami lasisi zai iya yin wutarsa ya sayar, kamar mai burodi."

Na ce, "Mu kuma fa?"

"Mu ne masu zaɓi. Wanda ya yi mana, mu saya a wurinsa. Wanda bai yi ba, ya ƙara gaba."

Na sa ya maimaita. Tun ina ɗan makaranta da gajeren wando kamfani ɗaya na sani. Ya ba ka ka gode, ya hana ka ka gode. Na yi aikin akawu a gidan waya har kaina ya yi fari, ban taɓa jin an tambayi mutum wutar wa yake so ba. Ashe zan ga wannan da idona.

Taransifomar layinmu ta ƙone tun watan jiya. Tsohon kamfani an yanka shi gunduwa-gunduwa an sayar, kuma kowace gunduwa aka je wa sai ta ce taransifomar ba tata ba ce. Firjina ya zama kabad. Allurar sugata tana zaman haya a firjin Mai Kemis, can ƙarshen layi, tun da shi yana da janareta. Safe da yamma nake takawa. Babu wani nisa. Ni dai lafiyata ƙalau.

Litinin, da yamma

Auta ta bugo waya daga garin da take aure. Na fara ba ta labarin lasisi, ta katse ni.

"Baba, ni ba lasisi na tambaya ba. Firjin ya tashi?"

"Zai tashi."

"In watan nan ya ƙare bai tashi ba, zan zo da mota in ɗauke ka. Na riga na share maka ɗaki."

Na ce ta bar ɗakin ya huta, sharar da yawa tana cin siminti. Ba ta yi dariya ba. Halin uwarta ta ɗauko, in ta faɗi abu sai ta yi.

Ni na zana gidan nan da rula a kan takarda kafin a haƙa harsashi. A ɗakin can uwarsu ta cika. Ba inda za ni.

Alhamis, bayan azahar

Rabon da in ga mutane haka a falona tun zaman makokin uwar yara. Kamfanoni sun fara yawo gida-gida kamar masu tallan sabulu. Wani ya zo da jar hula, wani da koriyar riga, kowa da takardarsa mai hoton iyali suna murmushi a ƙarƙashin fanka. Wani yaro mai taye har ya durƙusa ya ce mini ranka ya daɗe. Ni, da na shekara ina tsayuwa a layin biyan kuɗin wuta ana ce mini in matsa.

Mutanen layi suka ce a zauna a gidana, don ni ne mai kujeru. Na fito da kofunan da ke cikin kwali tun bikin Auta. Mai Walda ya zauna a kujerar uwar yara, na buɗe baki zan yi magana, sai na fasa. Kujera ai don zama aka yi ta.

A ƙarshe wata yarinya ta tashi, hular kwano a hammata. Injiniya ce, kamfaninsu ƙarami ne. Ba ta kawo takarda mai hoto ba. Ta ce su farantan sola suke shimfiɗawa a kan rufi ɗaya, su jera batura a ɗaki ɗaya, su ja waya zuwa kowane gida, kowa da mitarsa. Wanda ya ba da rufi, wutarsa ba ta yankewa.

Mai Walda ya ce, "Zai ja injin walda kuwa, ko na cajin waya ne?"

"Da rana zai ja, Kawu. Da dare kuma ka bar mutane su yi barci."

Aka kwashe da dariya. Sannan ta ce abu ɗaya take nema, rufin kankare mai faɗi. Rufin kwano ba zai ɗauka ba.

Na ɗaga kai, sai na ga kowa ni yake kallo. Rufin kankare ɗaya ne a layin nan.

Bayan sun watse, na fito tsakar gida na daɗe ina kallon rufin.

Juma'a, da safe

Na goge ƙwan fitilar falo. Na wanke cikin firji. Na san gaggawa na yi.

Asabar, da la'asar

Su Injiniya sun hau duba rufi. Injiniya ta ce in zauna a ƙasa, na ce ba a auna gidan mutum a bayan idonsa. Na bi su a hankali, ina dafa bango, don matakalar ba ta da abin riƙewa. Rabona da sama tun gabanin damina.

Iska mai daɗi. Ana hango har rumfunan kasuwa. Ta buga kankaren da guduma, ta saurara, ta ce, "Baba, wanda ya zuba wannan bai ci amanarka ba." Na ji kamar an ba ni lambar yabo.

Sai ta nuna rodin. Suna nan tsaye a kan kowane ginshiƙi, sun kai tsayin mutum, kowanne da kwalba a kife a kansa.

"Waɗannan za mu yanke, daidai da kankare."

Na ce zan yi tunani.

Wajen saukowa gwiwata ta ɗan gaisa da matakala. Ba faɗuwa ba ce. Mai Walda ne ya cika zumuɗi, ya sungume ni kamar buhu ya dire a gado. Tela ya ce daga yau shi zai riƙa karɓo mini allura. Na yarda don kada ya ji ba daɗi.

Lahadi, da hantsi

Lokacin da aka zuba rufin nan, Babba, ɗana na fari, yana sakandare. Magini ya ce, "Akawu, kada ka rufe ginshiƙan. Bar rodin a waje, in yaron ya girma sai ya ɗora nasa a sama, ya kawo matarsa." Haka kowa yake yi. Uwarsu har ta zaɓi inda tagar kicin za ta kalla.

Duk shekara kafin ruwa nakan hau in shafe su da baƙin mai, in sake kwalaben da suka fashe. Ko ɗigon tsatsa babu a jikinsu, Injiniya ma ta faɗa.

Babba yana ƙetaren teku. Yana da aiki sosai. Can lokacinsu ba ɗaya ba ne da namu, shi ya sa kiran waya yake wuya.

Litinin, da yamma

Ban ce a'a ba. Ban ce e ba.

Talata, da rana

Abin dariya. Ashe taransifomar tana da uwa. Masu jar hula, waɗanda suka gaji tsohon kamfani, sun ji labarin Injiniya, sai ga su da mota har biyu. Sun kewaye taransifomar, sun ɗauke ta hoto, sun ce tasu ce tun fil azal, za su kawo sabuwa nan ba da daɗewa ba, kuma za su rage farashi.

Tela ya ce, "Ka ga amfanin abin, Baba Akawu. Da mu ke bin su, yanzu su ke bin mu."

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce to shi ke nan, ga wuta za ta dawo ba a taɓa rufin kowa ba. Na aika aka kira mini babbansu, na tambaye shi wace rana.

"Nan ba da daɗewa ba, ranka ya daɗe."

"Kafin ƙarshen wata?"

"Muna kan bakin ƙoƙarinmu."

Na san wannan amsa. Ni ma na sha ba da ita ta tagar gidan waya, in wasiƙar mutum ta ɓata. Hular ce kawai sabuwa.

Laraba, da hantsi

Injiniya ta zo ita kaɗai. Ta tambayi gwiwa, na ce wace gwiwa. Na roƙe ta ta bar ko da na kusurwa huɗu, tun da rodi siriri ne, ba zai tare wa kowa rana ba.

Ba ta yi musu ba. Ta ce in fito tsakar gida. Ta ciro wani ɗan faranti daga jakarta, ta haɗa shi da 'yar fanka kamar ta wasan yara, ta ajiye a rana. Fanka ta kama juyi har tana ƙara.

"Ara mini sandarka, Baba."

Ta riƙe sandar sama da farantin, inuwarta ta gitta a kai, siririya kamar zare. Sai fanka ta yi sanyi, tana juyi da ƙyar. Ta janye sanda, fanka ta farfaɗo.

Na ce ta ba ni in gwada. Na gwada, na sake gwadawa. Na tuna malaminmu na kimiyya da ya goga mataji a gashinsa ya ɗauki yagaggiyar takarda da shi, muka yi ta ihu a aji. Wallahi haka na ji. Na manta da gwiwa, na manta da abin da ya kawo ta.

Ta ce, "Farantan a jere suke kamar masu miƙa bulo. In ɗaya ya rage hannu, duk layin ya rage. Kuma in muka shimfiɗa, shekaru masu yawa za su yi a nan, ba za a yi gini a sama ba. Gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu."

Ta ce motar kayansu za ta taso ranar Litinin. In ba a nan ba, akwai wani rufi a bayan kasuwa, amma wayarsu ba za ta kawo layinmu daga can ba.

Da za ta tafi ta bar mini 'yar fankar. Tana kan taga yanzu tana juyi.

Alhamis, da yamma

Babu wanda ya ce mini komai. Abin da ya fi damuna ke nan. Mai Walda ya wuce ya gaishe ni da ladabi, ba tsokana. Tela yana taka keken ɗinkinsa da ƙafa, ina jin sa ta bango tun safe, ga shi ƙafar tasa ma ba lafiya gare ta ba. Falo ya koma yadda yake. Na mayar da kofuna cikin kwali.

Juma'a, da safe

Tela ya kai ƙarata wurin Auta. Ya ce ba ƙara ba ce, tambayarsa ta yi, shi kuma ba ya ƙarya da safe.

Ta bugo. Ta yi maganar gwiwa, ta yi maganar mota. Sannan ta yi wata magana a kan rodin, da kuma yayanta. Ba zan rubuta ta ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na kira Babba. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wataƙila yana wurin aiki.

Asabar, da rana

Na sake kira. Wataƙila yana barci.

Lahadi, da hantsi

Shi ya kira da kansa. Muryarsa ta yi kauri, kamar ta ƙanena marigayi. Ina jin yara a bayansa suna magana da harshen da ban sani ba. Muka gaisa. Na shirya maganata tun jiya, dalla-dalla, kamar wasiƙar ofis. Na ba shi labarin lasisi, da Injiniya, da inuwa. Na ce amma ban yarda ba tukuna, don hakkinsa ne, ba zan taɓa rodin ba sai da izininsa.

Ya ce, "Wane rodi, Baba?"

Na ce na sama.

"Au. Wai suna nan har yanzu? A yanke mana, Baba, kada ma su faɗo wa wani. Ka ga, zan sake kira, za mu fita ne."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da fara'arsa.

Na zauna ina kallon 'yar fanka. Ta yi ta juyi abinta.

Lahadi, da yamma

Na aika Tela ya gaya wa Injiniya motarta ta san hanya.

Tela ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce, "Baba Akawu, in don mu ne, kada ka takura kanka."

Na ce, "Don ku? Kai da ka kai ni ƙara? Don firjina ne. Wuce ka tafi."

Ina jin sa yana gudu a layi, da ƙafar tasa.

Litinin, da azahar

Sun iso. Babbar mota har ta toshe layi, mata sun fito ƙofar gida suna kallo. Farantan baƙaƙe ne masu sheƙi, mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Na ga tawa, na gyara hula. Baturan kuwa sai mutum biyu suke ɗaukar ɗaya. Na ba su ɗakin da ke kusa da zaure, wanda babu mai kwana a ciki.

Na sake fito da kofuna.

Mai Walda ne ya yi yankan, da ɗan janaretan da su Injiniya suka zo da shi. An hana ni hawa, sai na zauna a gindin matakala. Ƙarar injin tana tashi ta faɗi, sannan ƙarfe ya buga kankare. Ta tashi, ta faɗi. Na ɗauka zan ji wani abu mai nauyi. Na ji, amma bai kai yadda na zata ba. Kwalba ɗaya ta gangaro ta matakala har gabana ba ta fashe ba.

Da suka sauko da rodin suka tara a tsakar gida, Mai Walda ya ɗaga ɗaya yana jinjinawa.

"Irin wannan ƙarfe ya ƙare a kasuwa, Baba. In kira masu gwangwan, ko in saya?"

Na ce ya ajiye hannunsa. Wani tunani ya zo mini.

Talata, da sassafe

Na nemo rula da fensir. Na zana matakalar daga gefe, yadda aka koya mana a darasin zane, na ja layi biyu a kanta daga ƙasa har sama, da 'yan tsaye a tsakani. Layin ya fita.

Na nuna wa Mai Walda. Ya juya takardar sama da ƙasa don ya ja ni.

"Abin dafawa kake so?"

"Ƙarfen bene ne. A jikin bene zai ƙare."

"To wa zai riƙa hawa, kai da aka hana?"

"Wa zai riƙa duba muku farantai in ƙura ta hau? Kai da ba ka wanke fuskarka ma?"

Ya ce zai yi, amma sai wutar Injiniya ta zo, don ya ga ko da gaske tana jan walda.

Alhamis, da la'asar

Waya ta ratsa layi daga gida zuwa gida. An kafa mini mita sabuwa fil a zaure, mai ɗan kore a goshi. Masu jar hula sun sake zuwa sun sake ɗaukar taransifomar hoto. Gidaje biyu sun ce su za su jira su. Hakkinsu ne, abin da aka ce zaɓi ke nan.

Injiniya ta ce gobe.

Juma'a, da hantsi

Ina zaune a falo, ba wanda ya gaya mini lokaci. Sai na ji wani abu ya yi tari a kicin, ya girgiza, ya kama gurnani a hankali.

Firji.

Na tafi ba sanda. Na dafa shi da tafin hannu, yana rawa kamar mage. Kafin in juyo, keken Tela ya ɗauka ta bango, da sauri irin wanda na manta. Yara suna ta ihu a layi. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Na kunna fitilar falo da rana tsaka, na kashe, na kunna. Ba wanda ya gan ni.

Tela ya kawo allurata daga wurin Mai Kemis a cikin ƙanƙara, ya miƙo da hannu biyu kamar amarya ya rako. Na sa ta a kantar sama ta firji, na rufe, na sake buɗewa in gani.

Asabar, da yamma

Tana jan walda. Tsakar gidana ta cika da tartsatsi tun safe. Mai Walda ya ce kada in kalla, na kalla.

Litinin, bayan azahar

Wata ya ƙare, Auta ta zo da mota, kamar yadda ta ce. Da jakunkuna biyu babu komai a ciki. Ta gaishe ni a tsaye, ta wuce kicin. Na ji ta buɗe firji. Ta daɗe. Ta fito ta ce in nuna gwiwa, na nuna. Ta leƙa ɗakin batura. Ta kira Tela ta sa shi ya yi alkawarin leƙo ni safe da yamma, ta karɓi lambar Injiniya, ta karɓi ta Mai Walda. Duk a gabana, kamar ba na wurin.

Sannan ta ce tana son ganin saman. Na ce mu je. Ta buɗe baki, na riga ta kama ƙarfen.

Mai Walda ya goge shi ya shafa masa fenti, amma zanen jikin rodi yana nan, hannu yana jin sa. Na hau a hankali, tana bayana, ba ta taɓa ni ba. A sama farantan sun kwanta jere-jere suna shan rana, ba inuwar komai a kansu. Inda ginshiƙan suke an shafe da sabon siminti.

Ta tsaya tana kallon wuraren. Sannan ta juya ta dubi abin da take riƙe da shi. Ta shafa shi da babban yatsa.

"Baba, wannan ba rodin Yaya ba ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Da muka sauko ita ce ta riƙe ƙarfen da hannu biyu.

Talata, da safe

Ta tafi. Jakunkunan ta manta da su a bayan ƙofa, ko ta bar su da gangan, ban tambaya ba. Na ɗora su a kan kabad.

Injiniya ta ce a riƙa goge farantai da tsumma mai laushi kafin rana ta yi zafi. Na sami tsumma.

Laraba, da hantsi

Wuta tana nan. Ni ma ina nan.